Ranar da Kyaftin Ya Raka Auta a Jirgi

A bakin titin da ya bi ta bayan ƙaramin filin jirgin sama akwai wani shagon gyaran fanka, mai shagon kuma duk unguwar Kyaftin ake ce masa. Ba wanda ya raɗa masa sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya tsinci wata hular matuƙan jirgi a tarin gwanjo, ya wanke ta, ya kafa a ka, bai ƙara cirewa ba sai in zai yi wanka. Hujjarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita wa duk wanda tsautsayi ya sa ya kawo gyara.

"Jirgi ai fanka ce da ta samu wuri ta girma. Wanda ya san cikin fanka, an gama."

Fankar da aka kawo masa tana ƙara, in ta bar hannunsa shiru take yi, don ba ta sake juyawa. Wannan bai taɓa rage masa baki ba. In jirgi ya tashi, sai ya fito ƙofar shago da sukundireba a hannu, ya karkata kai, ya ce farfelar hagu tana son mai. Jirgin kuwa sau biyu kacal yake leƙo garin a mako, kuma Kyaftin bai taɓa taka ko matakalarsa ba, sirrin da daga shi sai matarsa suka sani.

Matar tana da ƙane, autan gidansu, magidanci mai haƙuri da ya gama karatun injiniya ya daɗe yana zaman jiran aiki. Rannan sai ga kira daga wani kamfani a can wani gari mai nisan gaske, a ɗaya ƙarshen ƙasar, aka ce ya zo intabiyu ranar Litinin da safe. Gida ya kaure da murna. Inna, mahaifiyarsu, ta ce ya haɗa kaya ya bi mota tun da wuri, kwana biyu ne a hanya, ya isa ya huta ya goge rigarsa.

Ana cikin wannan shawara Kyaftin ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida surukarsa, ya ji abin da ake ciki. Sai ya yi wata 'yar dariya ta tausayi.

"Mota? Inna, a wannan zamanin? Ku bar mutum ya kwana biyu a kan kujera, ya isa gaban manya ƙafa a kumbure, ido ja? Garin can da za shi yana da filin jirgi irin namu. A tashi nan, a dira can. Awa ɗaya da ɗan ɗori."

"Yaya, anya?" in ji Auta. "Na ji an ce wurin da nisa."

"Wa ya ce? 'Yan mota? A ƙasa ne yake da nisa, saboda kwana-kwana da gada da rami. A sama ba kwana. Miƙewa ake yi ɗoɗar."

Matarsa ta ɗago ta dube shi. "Malam, kai da ko lilo ba ka iya hawa?"

"Uwargida, ana maganar ilimi."

Inna ta daɗe tana tsoron hanyar nan, don ta sha jin labarin motocin da suka kife a kanta. Ta ce in dai haka ne, a bi jirgin. Kyaftin ya dafa ƙirji ya ce ba ma shi kaɗai Auta zai tafi ba, shi da kansa zai raka shi, ya damƙa shi a ƙofar kamfanin, ya juyo a jirgin yamma ya ci abincin dare a gidansa. Tun da jirgin ranar Lahadi yake zuwa, sai a jira Lahadi. Gaggawar me ake yi?

Kafin azahar labari ya isa shagon mai aski, inda zaman 'yan unguwa yake. A bangon shagon akwai wata tsohuwar kalanda mai taswirar duniya, ƙuda sun gama yi mata ado. Kyaftin ya ture wanda ake yi wa aski, ya ɗora babban yatsa a kan garinsu, ya miƙa ɗan tsakiya zuwa wancan garin.

"Ku duba da idonku. Ko taƙi bai cika ba."

Mai aski ya ci gaba da wasa askarsa. "A takardar nan ai duniyar duka ba ta kai faɗin tabarmar sallata ba. In haka ne, me ya hana ka takawa da ƙafa?"

"Matsalarku ke nan. Kun tsufa a kan keke."

"Kai sau nawa ka hau jirgin?" in ji tela, yana leƙowa ta taga.

"Na daina ƙirgawa."

"Daga ina zuwa ina?"

"Wurare."

Washegari ya saka hularsa ya tafi yanko tikiti. Matar da ke sayar da tikitin ta danna na'urarta, ta ɗago kai.

"Malam, ka san dai babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye? Wannan jirgin babban birni zai kai ku. Daga can sai ku kwana, ku jira wani ya..."

Kyaftin ya ɗaga mata hannu. "Baiwar Allah, dubi kaina da kyau. Ni za ki koya wa jirgi? In an tashi, yaushe ake sauka?"

"Wannan na farkon, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma sauran biyun..."

"Alhamdu lillahi! Abin da na faɗa ke nan. Yanko biyu."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya juya yana gaisawa da wani ɗan sanda da bai san shi ba. Ta taɓe baki ta yanka masa. Ya cusa a aljihu ko dubawa bai yi ba, ya dawo unguwa yana shelar cewa ma'aikatan jirgi da kansu sun tabbatar da lissafinsa, har sun yi mamakin inda ya koya.

Motar da Auta zai bi ta yi lodi ta tafi ba shi. A maimakon haka, sai saƙonni suka fara sallama a gidan Kyaftin, don ashe rabin unguwar suna da ɗan'uwa a can. Matar mai kemis ta ce za ta kawo abinci a kula a kai wa ɗanta da zafinsa. Tela ya kawo kan keken ɗinki a kai wa ƙaninsa. Wata tsohuwa ta kawo kiret ɗin ƙwai. Mai wanki ya kawo zakara ja, ƙafafu a ɗaure, ya ce na surukinsa ne. Mai sayar da ƙanƙara kuwa, don tsokana, ya ce zai ba da dunƙule guda a kai wa abokinsa, in dai har ta isa ba ta narke ba ya sallama.

"Kawo biyu," in ji Kyaftin.

Matarsa ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu. "Malam, jirgin na ubanka ne?"

"Ni da su ba ma haka. In suka ga hular nan, ko awo ba sa yi."

Ranar Lahadi da hantsi unguwa ta yi ɗango zuwa filin jirgi. Kyaftin a gaba, ya sha guga, ƙirji a waje. Auta a bayansa da jaka ɗaya da jakar takardunsa a hammata. Inna da matar Kyaftin da matar Auta suna biye, sai masu saƙo kowa rungume da nasa. Ruwan ƙanƙara tuni ya fara zane a ƙasa.

A wurin awo wani ƙaton ma'aikaci ya dubi tulin kayan, ya dubi hular.

"Wannan duk na waye?"

"Namu ne. Abokin aiki ne, ka gane ai."

"Wane kamfanin kake?"

"Ɓangaren farfela."

Ma'aikacin ya ɗaga murfin kula ya mayar. Ya taɓa buhun ƙanƙara ya yarfe hannu. Zakara ya leƙo daga cikin kwali ya kafa masa ido.

"Kai da wannan mutumin ku wuce. Sauran duk a fitar min da su."

"Ka san da wa kake magana?"

"Da mai zakara."

Aka yi ta ja-in-ja. Kyaftin ya ɗaga kwalin don ya nuna cewa ba shi da nauyi, gindin kwalin da ruwan ƙanƙara ya jiƙa ya ɓalle, zakara ya faɗo, igiyar ƙafarsa ta kwance. Ya yi tsalle ɗaya ya dira kan kiret ɗin ƙwai, ya yi na biyu ya haye kan sikeli, ya miƙe wuya ya yi cara. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati. Mai wanki ya bi zakara, ya taka ƙwai, santsi ya kwashe shi, ya tafi da tela da kan kekensa gaba ɗaya. Kyaftin ya ja hannun Auta suka shige ciki, yana waiwayowa yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, in ya dawo da yamma zai ga manaja.

Da ya ga jirgin kusa da kusa, sai ya ja ya tsaya. Daga shago yana ganinsa ƙato. A nan kuwa wani ɗan siriri ne, ƙofarsa sai an sunkuya, farfelarsa ba ta fi ta fankar silin girma da wani abin kirki ba. Kuma ya san abin da ke faruwa da fanka.

"Yaya, gumi kake yi."

"Zafin inji ne. Kai dai ka yi abin da ka ga na yi."

Abin da ya yi kuwa shi ne, ya zaro ƙwayoyin maganin mura mai sa barci da ya saya a ɓoye, ya watsa biyu a baki ba ruwa, ya ƙara ɗaya. Ya ciro auduga ya danƙara a kunnuwa biyu. Ya ɗaure bel har numfashi na yi masa wuya. Kujerar Auta tana can baya, don haka ba mai ganinsa sai wata mata mai jariri da ke gefensa. Da injin ya ɗauka, Kyaftin ya damƙe hannun kujera. Da jirgin ya ɗaga hanci, ya damƙe hannun matar.

"Malam, sake ni!"

"Muna ina? Mun faɗi?"

"Ko gajimare ba mu kai ba. Ga ɗana ma bai yi kuka ba."

Can jirgin ya yi wata girgiza, ya nutsa, ya taso. Abin da Kyaftin ya karya kumallo da shi ya nemi hanya. Ya laluba bai ga leda ba, sai ya cire hular. Bayan nan ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya ja tawul ya lulluɓe kansa, ya yi kalmar shahada, maganin ya yi gaba da shi.

Yana cikin minshari baƙin hadari ya tare gabansu. Matuƙin ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu, ya ga ba hanya. Ya yi magana ta lasifika, ya ba fasinjoji haƙuri, ya ce za a juya a koma inda aka taso. Kowa ya ji, ban da mai auduga.

Dirar tayoyi a ƙasa ce ta farkar da shi. Ya yaye tawul, ya shafa jikinsa ya ji komai na nan. Ya dubi agogo. Awa ɗaya da ɗan ɗori! Nan take jininsa ya dawo. Ya miƙe tun ba a ce a miƙe ba, kansa ya gwaru da rufi, ko a jikinsa. Shi ya fara sauka.

An ɗan yi yayyafi, kwalta tana sheƙi, iska mai sanyi tana kaɗawa. Kyaftin bai taɓa ganin ginin filin ta wannan fuskar ba, ga magani bai gama sakinsa ba. Ya buɗe hannuwa ya shaƙi iska.

"Allahu akbar! Ka ji iskar gari!"

Auta ya iso da gudu, fuska a murtuke. "Yaya, akwai matsala. Dawowa muka..."

"Me? Ɗaga murya!" Audugar tana nan daram, shi ya sa shi kansa ihu yake yi. "Ban faɗa maka ba? Dubi agogo! Dubi tsabta! Wannan shi ne filin jirgi, ba wancan garejin namu ba!"

"Yaya, ka saurare ni..."

"Bar godiya, Auta, yi wa kai ne. Kai, dubi can!" Ya nuna bayan shingen waya, inda wani shago ya ba su baya, rufinsa ya lotsa, an tara gawarwakin fanka a kai, tsatsa ta cinye su. Ya tuntsire da dariya. "Ashe ko'ina akwai matsiyata! Wane mahaukacin ne zai kai gyara wancan kangon?"

Fasinjoji suka fara kallon juna. Matar mai jariri ta ce a ƙyale shi, tun a sama ba daidai yake ba.

A can ɗakin jira kuwa ba wanda ya tafi gida. An sa su wanke ƙwan da suka fasa, ana cikin rigimar wa zai ɗauki asarar wa, sai aka ji cewa jirgin ya gamu da hadari yana dawowa. Inna ta zube a kan benci tana kuka, matar Auta tana yi mata fifita, jama'a sun yi cirko-cirko a bakin ƙofar fitowa. Sai wayar matar Kyaftin ta yi ƙara. Ta ɗauka ta saka a sifika don Inna ta ji.

"Uwargida! Mun sauka lafiya!"

"Alhamdu lillahi! Malam, ai muna..."

"Ba na jin ki sosai, kin san nisa! Ki gaya wa wannan mai askin mai kan ƙwarya ya zo ya ga gari! Nan mutanensu ma sun fi namu kyan gani, kowa fes! Ba irin su tela ba, da wuya kamar mariƙin lema!"

Mai aski ya shafa kansa. Tela ya shafa wuyansa.

"Malam, ka yi shiru haka nan."

"Tsohuwa fa? Tana nan tana sana'ar tata ta kuka? Ki ce mata ta share hawaye, ba don ni ba da ɗan nata yana can cikin mota kamar buhun albasa! Wallahi in na ga wuri a nan, ba zan dawo cikin waɗannan gidadawan ba!"

Yana wannan ihun yana tafe, Auta na jan rigarsa yana fizgewa. Ya sa kafaɗa ya ture ƙofar fitowa, waya a kunne, ya shigo ɗakin jira. Muryarsa ta fito daga bakinsa, ta kuma fito daga hannun matarsa.

Ya tsaya cak. Ga matarsa. Ga Inna, hawaye bai bushe ba. Ga mai aski, ga tela rungume da kan keke, ga mai wanki da zakara a hammata. Kyaftin ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙifta ido, ya sauke wayar a hankali.

"A'a! Ku kuma wane jirgin kuka biyo?"

Mai aski ne ya fara, ya durƙushe yana dukan ƙasa. Sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har ƙaton ma'aikacin nan ya jingina da bango yana share ido. Matarsa ta tako, ta sa yatsu biyu ta zare audugar kunnen dama, ta zare ta hagu, ta damƙa masa a tafin hannu.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya mutanen can? Sun fi mu kyan gani ko?"

"Gwada ku nake yi," in ji shi. "Tun a sama na gane. Raha ce kawai."

"Har da kangon?" in ji wani fasinja. "Ya ce mahaukaci ne kaɗai zai kai gyara wancan shagon mai fankoki a kan rufi."

"Wannan kam ya yi gaskiya," in ji tela.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ba ta ko dubi inda surukin yake ba.

"Auta, yanzu yaushe za ka isa?"

"Inna, na tambaya a cikin jirgin. Ko da ba mu juyo ba, wannan jirgin babban birni kawai zai kai mu. Sai mun kwana, mu hau wani, shi ma ya ajiye mu a wani wurin, mu jira na uku. Da sai an gama intabiyu da kwana guda zan isa. Motar ma ta fi shi sauri."

Duk aka juyo ga Kyaftin. Ya yi wuƙi-wuƙi, ya kai hannu zai gyara hula, ya ji kai a buɗe.

"Ba a yi min bayani ba. Laifin ma'aikata ne. Sai na kai ƙara!"

Matar nan mai sayar da tikiti ta leƙo daga bayan gilashi. "Malam, dubi fuskata da kyau. Ni ce ka ce ba zan koya maka jirgi ba."

Ana haka wani mai shara ya fito daga wajen jirgin, ya riƙo wani abu da bakin tsintsiya, ya kawar da hancinsa gefe.

"Hular waye wannan?"

Kyaftin ya duƙufa yana nazarin silin.

A ranar Auta ya wuce tasha, ya samu motar da ta samu. Ya isa bayan an gama komai, an ba wani kujerar. Da suka ji labarinsa, sai da manajan ya kira abokan aikinsa aka sake ba su daga farko, suka yi dariya har suka gaji, sannan suka ce akwai gurbi a sito in yana so. Ya karɓa. Injiniya guda yana can yana jera kwalaye. Inna kuwa, in Kyaftin ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya ta tambayi 'yarta ko iska ce ta turo ƙofa.

Shagon ya yi 'yan kwanaki a rufe. Da ya buɗe, sai ga Kyaftin da sabon labari: ashe shi ne ya ji farfelar tana wani sauti, ya aika a gaya wa matuƙi ya juya, ba don shi ba da yanzu ana zaman makoki a gari. 'Yan unguwa ba mai tanka masa, sai dai in ya wuce a ce, "Sannu da hanya." Baƙi kawai yake samu.

Wata rana wani baƙo ya kawo fankar tebur, ya zauna ya sha labarin tun daga tashi har sauka. Mai aski yana jingine a bakin ƙofa yana sakace.

"Ikon Allah," in ji baƙon. "Ashe ka sha yawo. To shi garin can da ka je, yaya yake?"

Kyaftin ya saci kallon mai aski, ya sunkuyar da kai kan fankar, ya hura ƙurar da ke jikinta.

"Kamar nan ne sak," in ji shi. "Wallahi ba ka bambanta su."